Kawu Sadi da Keken da Aka Ba Wani Rabi'u

Duk wanda ya taɓa jingine keke a ƙofar masallacin Juma'a a Ajingi ya san abin da zai tarar in ya fito: Kawu Sadi a tsugune, hula a karkace, ya cusa kai ƙarƙashin sirdin keken yana leƙe. Ba ya neman izini, ba ya kuma jin kunya. In ya gama sai ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya dubi mai keken ya ce, "Ba shi ba ne. Amma sarƙarka na neman mai." Ya wuce na gaba.

Ya yi haka a gidan suna, ya yi a ɗaurin aure, ya yi har a zaman makoki. A kasuwar Gaya saura ƙiris ya sha duka, don wani mai gyaɗa ya hango mutum a tsugune gindin kekensa ya kwarma ihun ɓarawo. Jama'a suka taru, wasu har da sanduna, Kawu ko ɗagowa bai yi ba. Sai da ya gama dubawa tsaf ya ce, "Da sata ta kawo ni ai ba wannan zan ɗauka ba. Ku dubi birkinsa fa, don Allah."

Manyan gari kun san abin da yake nema. Amma akwai waɗanda suka taso suka same shi a haka, suna zaton taɓin hankali ne. Don su zan faɗi yadda aka yi, tunda da wayata aka yi cinikin.

Kawu Sadi yayan mahaifiyata ne. Rumfarsa na bakin hanyar tasha, yana faci, yana gyaran wili, amma ainihin sana'arsa ita ce ya sayi mataccen keke ya tashe shi ya sayar. Da babura suka cika gari sai ciniki ya ja baya, kekuna suka taru a zaure har matarsa, Inna Asabe, ta fara shanya wanki a kansu. Ni malamin firamare ne, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba, sai Ticha. Wata rana na ce masa akwai wani guruf a waya da ake saye da sayar da kekuna, mutum na zaune a gida ya yi ciniki da na wani gari.

"Kasuwa a cikin waya?"

"E, Kawu."

"Wa ke karɓar kuɗin rumfa?"

"Babu kowa."

"To sa ni."

Da ya gano ana sayen data sai ya ce ai ga kuɗin rumfar nan, an dai sake masa suna ne. Shi ke saya min, ta mafi ƙarancin kuɗi, kuma ya tsare ta kamar garin tuwon ƙarshen damina. A wurinsa, saƙon murya sau ɗaya ake saurara. In na ce bari mu sake ji don ban gane ba, sai ya daka min tsawa: "Kashe! Mun ji. Kuɗi ne ke zuba." Na yi bayani har na gaji cewa saƙon da ya riga ya sauka ba ya sake cin komai. Amsarsa guda ce: "Kai Ticha ne, ni kuma ni ke biya."

Sai talla. Kai, jama'a! Ban taɓa ganin mai sayar da kaya irin Kawu ba.

"Ɗauki maganata. Assalamu alaikum. Ga keke. Birkin baya yana kamawa in ya ga dama."

"Kawu, ba a fara talla da aibi."

"Da me ake farawa?"

"Da yabo."

"Yabo mai saye ne zai yi in ya hau. Ci gaba da ɗauka. Feda ta hagu ba tasa ba ce, ta wani marigayin keke ce."

Hoto kuwa dole da shi a ciki. Zai shiga gida ya sako hular Sallah, ya tsaya ya dafa kan keken, ya ƙame kamar za a ba shi sarauta. Na ce mutane keke suke son gani. Ya ce, "A'a. Mutum ya ga fuskar wanda zai kai ƙara wurin Allah in an cuce shi."

Yana da wata al'ada. Duk keken da ya tasa, sai ya sa ƙusa da guduma ya buga ɗigo uku a jikin ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi, shaidar aikinsa. Akwai wani baƙin keke mai kariyar ɗora kaya da ya buga wa huɗu, don yana cikin bugawa Inna Asabe ta kira shi cin abinci, da ya dawo ya manta inda ya tsaya. Wannan ma sai da ya sa a talla: "Akwai ɗigo huɗu a ƙarƙashin sirdi. Uku ya kamata su zama. Kuskurena ne, ba na keken ba."

Wannan baƙin keken shi wani tela a Gaya, Malam Rabi'u, ya taya. Aka daidaita farashi, sai aka zo inda kowane cinikin waya ke cijewa. Rabi'u ya ce a turo keke, in ya gani ya biya. Kawu ya ce a turo kuɗi, in ya gani ya aika. Aka yi ta ja, kowa na cewa shi ba ya zargin kowa, zamani ne dai. Daga ƙarshe Rabi'u ne ya sakko. Na tuna maganarsa sarai: "Baba, mutumin da ya tona asirin kekensa haka ba zai ci amanata ba. Na tura." Kawu ya je wurin mai POS ya tabbatar, ya dawo yana ta fara'a. Da na ce in sake sa masa saƙon ya ji daɗi, ya ce ya ji daɗin tun a na farko.

Washegari ina makaranta ya tura keken tasha. Kowa ya san yadda ake aika kaya a mota: a manna takarda a rubuta lambar mai karɓa, direba in ya isa ya kira. Direban, ba zan faɗi sunansa ba don har yanzu motarsa nake shiga, shi ya ba ni labarin yadda suka yi.

"Baba, a manna takarda a rubuta lamba."

"A kan fentina? Jiya-jiya na shafa shi."

"To karanto min lambar in sa a wayata."

"Lambar na wayar Ticha, Ticha na makaranta. Sunan mutumin Rabi'u. In ka isa ka kira Rabi'u, zai amsa."

Direba ya isa tashar Gaya, ya sauke keke daga saman mota, ya ɗaga murya: "Ina Rabi'u mai keke?" Kuma wallahi an amsa. Wani ya ce ga shi, ya yi godiya, har da tambayar lafiyar mutanen Ajingi, ya hau ya tafi. Can da yamma Rabi'un gaskiya ya kira yana tambayar ko motar ba ta taso ba ne.

Muka je muka sami direba. Kawu ya ce, "Yaya kamannin wanda ka ba?"

"Mutum ne dai, da hula."

Na ce bari mu nuna masa hoton mai sayen ya gani ko shi ne. Na buɗe hoton da Rabi'u ya sa a lambarsa. Zaki ne, ya wage baki. Kawu ya daɗe yana kallon zakin nan, sannan ya ce, "To. Ashe mu ma ba mu san kamanninsa ba."

A ranar ya mayar da kuɗin, ko sisi bai rage ba. Amma Rabi'u ya riga ya hau dokin zuciya. A ganinsa babu wani keke da aka taɓa ɗorawa a mota, baki aka haɗa da direba, da aka ga zai tayar da ƙura aka dawo da kuɗi. Ya ɗauki hoton nan na Kawu da hular Sallah, ya yi rubutu da ja a kai, ya watsa a guruf. Kafin Juma'a hoton ya zagaye wayoyin samarin Ajingi.

Kawu ba ya karatun boko. Ya ga hoton a wayata ya ce, "Me aka rubuta a goshina?"

Na yi ta kame-kame.

"Karanta, ai aikinka ne."

"Ɗan damfara. A yi hattara."

Ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido. Ya ce, "Hular dai ta fito." Ya miƙo min, ya koma kan facin da yake yi. Amma Inna Asabe ta ce ranar ko tuwo bai taɓa ba. Ni kuwa na ji zafin abin har cikin raina, don mutumin nan bai mallaki gona mai yawa ba, bai mallaki gidan siminti ba, sunansa kaɗai yake da shi, kuma shi aka taɓa.

Na kira Rabi'u na ba shi haƙuri, na ce ya goge. Ya ce, "In da gaske akwai keke, a kawo keken." Da na isar da saƙon, Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Ya yi gaskiya. Keke ya saya, ba kuɗinsa ya saya ba." Tun daga ranar ya fara leƙen ƙarƙashin sirdi.

Ya kuma kafa doka: keke ba ya hawa mota. Duk wanda ya saya, Kawu da kansa zai kai masa. Zai hau wanda aka saya, ya riƙo nasa da hannu ɗaya yana jansa a gefe don dawowa. Kun sha ganinsa a hanyar Gaya, tsoho da keke biyu, motoci na ta yi masa hon, shi ko a jikinsa.

Wani saurayi da ya kai wa keke ya duba taya ya ce, "Baba, ka ce tayar sabuwa ce."

"Da na baro gida sabuwa ce."

"To a rage min kuɗin hanyar da ta ci."

Kawu ya ce ba komai, ya juya keken, ya hau, ya dawo da abinsa Ajingi. Da yaron ya kira yana ban haƙuri, ya ce a faɗa masa yanzu tayar ta ci hanya biyu, kuma farashi na nan yadda yake.

Wani kuma ya yi magana daga Fatakwal yana so. Kawu ya tambaye ni ko ta fi Kano nisa. Na ce Kawu, ai ko a mota sai an kwana a hanya. Ya yi lissafi da gaske, ya ce, "Ce masa ya bari sai an cire gyaɗa."

Amma wanda ban manta ba shi ne wani da ya ce shi babban ɗan kasuwa ne, bai ko taya ba ya ce ya saya, ya turo hoton alat ɗin banki wai ya biya, ya ce direbansa na hanya a ba shi keken. Ni ina gani na san na bogi ne. Kawu ya ce in ɗauki maganarsa: "Alhaji, kar ka wahalar da direbanka, ni ne direban. Faɗa min unguwarku da sunan mai unguwa da masallacin da kake salla, gobe ina ƙofar gidanka." Nan take mutumin ya toshe lambata. Kwana biyu Kawu na tambayata ko ya yi magana. Na ce, "Kawu, ɗan damfara ne fa."

Ya ɗago ya dube ni. "Ka gan shi da idonka yana yi?"

"A'a, amma..."

"To kar ka ƙara faɗa. Ƙila rasuwa aka yi masa."

Shekaru suka yi ta tafiya. 'Yan guruf suka san shi, har suna cewa in kana son keke da wa'azi kyauta ka sayi na Baba Sadi. Kowa ya manta da jan rubutun nan. Na ce masa, "Kawu, ai magana ta wuce, ba wanda ke tunawa." Ya ce, "Rabi'u bai janye ba." Shi ke nan.

Bara, gab da faɗuwar damina, ya kai wa wani keke Toranke. A bakin rijiyar burtsatse ya ga wani abu da aka lafta wa jarkokin ruwa. Ba fenti, ba ƙararrawa, sirdin tsumma ne aka naɗe da roba. Ya tsuguna kamar kullum. Mai keken, Malam Buba, ya ce min sai gani ya yi tsoho ya zauna daɓas a cikin caɓi yana cewa, "Huɗu. Huɗu ne. Zo ka ƙirga min, ko idona ne."

Malam Buba a kasuwa ya saya, hannun wani da shi ma a hannun wani ya saya. Kawu bai tsaya neman ɓarawo ba. Ya nuna nasa keken, wanda duk Ajingi babu mai lafiyarsa, ya ce a yi musaya. Malam Buba ya dubi wannan, ya dubi wancan, hankalinsa bai kwanta ba.

"Malam, akwai wani abu a cikin ƙarfen ne?"

"Sunana ne a ciki."

Bai gane ba, amma ya gane tsohon ya matsu, sai ya ce to a haɗa masa da famfon hura taya. Famfon da ko ni ban isa in ara ba! Kawu ya kwance ya miƙa. A ƙasa ya turo wannan kwarangwal har gida, don ba ya hawuwa. Inna Asabe na ganinsa ta saki muciya.

"Malam, ka fita da keke ka dawo da gawar keke?"

"Ba gawa ba ce. Suma ya yi."

Duk damina yana kansa. Ya sake wili, ya sake sarƙa, ya nemo fenti baƙi, ya nemo kariya irin ta da. Feda ta hagu ma sai da ya nemo wadda ba tasa ba, wai haka aka yi talla. Amma kafin ya gama, ciwon da yake ɓoye mana ya ci ƙarfinsa. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere. Aka kai shi asibiti aka dawo. Ƙararrawar ma a zaune ya ɗaura ta, Inna Asabe na riƙe masa sifana.

Wata Juma'a ya aika aka kira ni. Yana kwance, keken na jingine a ɗakin, yana sheƙi.

"Ticha, gobe ba makaranta. Za ka kai wa Rabi'u kekensa."

"To, Kawu. Zan ɗaure shi a bayan babur ɗina."

Ya zuba min ido, sai na ce:

"Babur ɗin ma ba ya hawa?"

"Ka taɓa ganin an ɗora jaki a kan jaki? Hawa za ka yi. Kuma ka ce masa ya biya kuɗin da muka yi ciniki wancan lokacin. Kar ya ƙara, kar ya rage."

Kuɗin da a yau ko taya biyu ba za su saya ba. Ban yi musu ba.

Ku da kuka san ni kun san tumbina. Rabona da keke tun ina sakandare. Ban fita gari ba ɗalibaina suka fara bina suna tambayar ko an sayar da babur ne. A wata gangara na matsa birkin baya, ashe ranar bai ga dama ba, sai da na shiga gonar wake. Na isa Gaya da azahar, riga ta jiƙe sharkaf, na yi tambaya aka nuna min shagon.

Malam Rabi'u ya fara furfura, shago ya cika da kekunan ɗinki. Ko kaɗan bai yi kama da zaki ba, ɗan siririn mutum ne mai tabarau. Na yi sallama na ce daga Ajingi nake, na kawo masa kekensa.

"Wane keke?"

Shekara da shekaru tsoho na tsugunne gindin kekunan mutane, ana yi masa dariya, ana kiransa ɓarawo, wanda ake yi dominsa ya ma manta. Na daure na ce, "Na Baba Sadi. Mai ɗigo huɗu."

Ya ajiye almakashi. Ya fito a hankali, ya zagaya keken, sannan ya tattare riga ya tsuguna, ya karkata hula, ya cusa kai ƙarƙashin sirdi. Ya sa yatsa ya shafa. Ya daɗe a tsugunen nan bai tashi ba. Da ya ɗago, tabaransa ya yi hazo.

"Kuskurensa ne, ba na keken ba," in ji shi, a hankali. "Haka ya ce. Duk tsawon lokacin nan nema yake yi?"

Na ce e.

"Yana ina?"

"Yana kwance."

Ya so ya ninka kuɗin, na ce an hana ni karɓa. Sai ya ɗauko wayarsa, a nan bakin shago, gaban yaransa da masu jiran ɗinki, ya yi magana ya tura guruf.

Na shiga mota na dawo da la'asar. Ina shiga ɗaki, tun ban zauna ba, Kawu ya buɗe ido.

"Ka hau shi har can?"

"Har ƙofar shago."

"Birki fa?"

"In ya ga dama."

"Ai na faɗa masa."

Na zauna bakin gado na sa masa saƙon. Muryar Rabi'u ta fito: "Jama'a, ni ne Rabi'u tela na Gaya. Shekarun baya na sa hoton Baba Sadi na Ajingi na kira shi ɗan damfara. Ƙarya na yi masa. Ga kekena ya iso yau, har da ɗigonsa huɗu. Ban taɓa ganin mai amana irinsa ba. Baba, don girman Allah ka yafe min."

Saƙon ya ƙare. Inna Asabe na tsaye a bakin ƙofa tana share ido da gefen zane. Kawu na kallon rufin ɗaki, bai motsa ba. Na fara mayar da wayar aljihu, kamar yadda ya saba min.

"Sake sa min."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Kawu, data fa."

"Bar ta ta ƙare."

Na yi ta maimaita masa har aka kira magariba. Ban iya kallon fuskarsa ba, don ni ma kuka nake yi.

Bai cika mako ba bayan nan. Ranar jana'iza Malam Rabi'u ya zo daga Gaya a kan baƙin keken, yana haki, wandonsa duk ƙayar gona, alamar shi ma birkin ya gwada masa halinsa. Ya jingine shi a jikin rumfar Kawu, ya shiga sahu.

Yanzu in an idar da Juma'a kekuna na nan jere a ƙofar masallaci, ba mai leƙa su, ba mai ce wa kowa sarƙarsa na neman mai. Nakan tsaya in dube su, in ji kewarsa ta cika min ƙirji.

Ya Allah, bawanKa Sadi bai yarda ya ba kowa amanarsa a hanya ba, sai ya kai ta ƙofar mai ita. Ka karɓe shi da rahamarKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka makwancinsa, Ka ba Inna Asabe haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu tafi da suna mai tsabta. Amin.